Jakadun Amurka a Nijeriya

Tun da Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960, Amurka take aiko mata da jakadu, ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne Joseph Palmer II. Shugaban Amurka ne yake zaɓen jakada, majalisar dattawa ta amince, sa'an nan jakadan ya miƙa wa shugaban Nijeriya takardar shaidar aikensa.

Walter Carrington ya riƙe muƙamin daga 1993 zuwa 1997, a zamanin Abacha. Ya goyi bayan masu neman dimokuraɗiyya a fili, har jami'an tsaro suka tarwatsa liyafar bankwanarsa a Legas. A 2007 aka aiko mace ta farko, Robin Sanders.

Jakadu suna sauyawa, amma aikin ɗaya ne, gama jakada bakin ƙasarsa ne.