Zamanin da Keke Ke Kai Mu Wurin Aiki

Duk wanda ya yi wayo a Kano ko Kaduna kafin shekarun 1980 su ƙare ba zai rasa tuna wata ƙara da ke biyo bayan sallar asuba ba: ƙarar famfo a zaure. Maigida ya tsuguna gaban kekensa, ya danna taya da babban yatsa ya ji ko iska ta sauka cikin dare, ya ɗiga baƙin mai a sarƙa, ya goge sirdi da tsumma. Sai ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama don kada sarƙa ta cafke, ya ɗaure kwanon abinci a kariya da igiyar roba, ya yi bisimilla ya turo keken waje. Mu yaran gida aikinmu riƙe ƙyaure da cewa a dawo lafiya. Haka muka taso muna gani kullum, ba mu taɓa kawowa a rai cewa abin yana da mafari ba, balle mu yi zaton wata rana zai zama labari.

Keken da muka sani, mai tayoyi biyu daidai wa daida da sarƙa mai juya ta baya, wani Bature mai suna John Kemp Starley ne ya fito da shi a garin Coventry na Ingila a 1885. Shekara uku bayan haka John Dunlop ya ƙago tayar da ake hura wa iska, wadda ta raba mahayi da jijjigar da ke karya ƙugu. A daidai wannan lokaci ne kuma kamfanin Raleigh ya kafu a garin Nottingham, kuma shi ne sunan da daga baya ya shiga kusan kowane zaure a ƙasar nan, har bakinmu ya mayar da shi Rali.

Turawan mulki da 'yan mishan da akawun kantuna su ne suka fara yawo da shi a Arewa. Amma abin da ya sa ya zama kayan kasuwa shi ne jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911. Jirgin da ya kwashi gyaɗa da fatu ya yi Ikko da su, shi ne ya dawo da atamfa da gishiri da kwanon rufi da kekuna. Sunayen da muka ba shi ma sun nuna hanyoyin da ya biyo. Tsofaffi sun ce basukur, wanda daga Turanci aka aro. An kuma ce laulawa. Amma sunan da ya zauna shi ne keke, wanda muka karɓa daga bakin Yarbawa, wato daga kudu inda jirgin ya taso. Da ya shigo hannunmu sai muka ɗauke shi kamar dabbar da muka fi sani. Wurin zamansa muka kira sirdi, muka ce a hau a sauka, muka yi masa kirari da dokin ƙarfe. A ƙasar da doki yake na sarakuna da attajirai, talaka ya sami abin hawan da ba ya cin dawa, ba ya neman ɗan barga.

Ma'aikatan En'e ne suka fara mayar da shi abin zuwa aiki. Malamin gona da ke zagaya ƙauyuka, da duba-gari, da malamin makaranta, da masinjan da ke kai takarda daga ofishin hakimi zuwa birni, duk a kan keke suke. Hukuma takan ba ma'aikaci bashin keke ana cirewa daga albashinsa wata-wata, wanda kuma aikinsa ya ƙunshi yawo akan ba shi ɗan alawus na kula da shi. A ɗaya hannun kuma hukumar tana karɓar kuɗin lasisi duk shekara, ta ba da 'yar lamba a liƙa. Wanda dare ya yi masa babu fitila, sai dai ya sauka ya tura, don in ya haɗu da ɗan doka kwanan zancen ne. A wancan zamani saurayin da ya sayi sabon Rali ya yi abin da za a yi ta maganarsa a unguwa. Akan bar ledar da aka naɗe jikinsa da ita har wata da watanni, a ƙara masa madubi da tuntaye da ƙararrawa biyu, in ya je zance ya jingine shi inda iyayen yarinya za su gani.

Lokacin da keke ya cika tituna sosai shi ne zamanin masana'antu. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri. Wasu masaƙun suka biyo baya, irin su United Nigerian Textiles da Arewa Textiles, har Kaduna ta zama garin masaƙu. A Kano kuma akwai Bompai, daga baya aka buɗe Sharaɗa da Challawa, inda ake saƙa, da jima, da matsar man gyaɗa, da yin alewa da takalmi da kwanuka. Kamfanin Raleigh kansa ya kafa masana'anta a Kano, ga kuma kekunan Sin irin su Phoenix da na Indiya da suka shigo da rahusa. Dubban mutane ne ke shiga aiki a lokaci ɗaya su tashi a lokaci ɗaya. In jiniya ta yi kuka aka buɗe ƙofa, titi yakan cika da mahaya kafaɗa da kafaɗa, ƙararrawa na tashi ta ko'ina, mai mota sai dai ya yi haƙuri. A bakin kowace ƙofa akwai rumfar ajiye kekuna, jere reras, kuma kowa ya san nasa ko da cikin duhu ne.

Ƙasar ma ta ba da haɗin kai. In ka ɗauke Dala da Goron Dutse, Kano shimfiɗaɗɗiya ce, mutum zai taso daga Kurna ko Gwammaja ya bi ta Fagge ya kai Bompai bai haɗu da hawan da zai sauke shi ba. Wahalar tana ga yanayi. Da hunturu yatsu kan ƙage a kan birki, hazo ya rufe gaba, mutum ya isa wurin aiki gira da gemu sun yi fari fat da ƙura. Da bazara, tafiyar safe da sauƙi, dawowar azahar ce ke jiƙa riga sharkaf. Da damina kuwa taɓo ya cushe tsakanin taya da marfinta har keken ya ƙi motsi, sai an nemi tsinke an sosa. Ga ƙaya da ƙusa waɗanda ba su da lokaci. Shi ya sa mai faci ya zama mutumin da ba a faɗa da shi. Yana nan gindin darbejiya da kwanon ruwansa da gam da tsohon famfo, ya tsoma roba a ruwa yana neman inda kumfa ke fita, kai kuma kana tsaye kana duban rana kana lissafin ko za a rufe ƙofa kafin ka isa. Sau da yawa yakan ce tafi, in an yi albashi ka kawo.

Hawan keke yana da ladubbansa, kuma mun koye su tun kafin ƙafarmu ta kai feda. Ba ka wuce dattijan unguwa a zaune kana bisa sirdi. Sauka za ka yi, ka tura, ka gaishe su, sai ka ɗan yi nisa ka sake hawa. In ka riski maƙwabci yana tafiya a ƙasa, ka tsaya ka goya shi. Da safe keken ya sauke yaro ɗaya ko biyu a ƙofar makaranta, ɗaya a kan ƙarfen gaba ɗaya a kariya an ce masa ya buɗe ƙafa. Da yamma ya dawo da cefane, ko ƙullin dawa da aka kai niƙa, ko ɗaurin itace. In matar gida naƙuda ta kama ta cikin dare, shi ake hawa a ɗauko ungozoma. Mu kuwa yara, da yake taɓa keken Baba laifi ne babba, sai mu tara 'yan kwabbanmu mu je wurin mai haya, mu zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfe muna tangaɗi. Da yawanmu har yau akwai tabon wancan karatu a gwiwa.

Abin da keke ya yi wa ma'aikaci a fili yake in aka yi lissafi. Da zarar ya gama biyan bashinsa, zuwa aiki ya zama kyauta, ban da kuɗin faci da sabuwar taya jefi-jefi. Yana iya zama a unguwar da haya ke da araha, ko a gidan gado cikin birni, ya yi aiki a wuri mai nisan mil huɗu ko biyar. Ba ya jiran mota ta cika, ba ya rigima da yaron mota kan canji. Albashin da ake ba shi, duk ƙanƙantarsa, gida yake shiga.

Man fetur ne ya sauya labarin. A 1973 farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a duniya, kuɗi suka kwararo cikin baitulmalin Nijeriya. A 1974 kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawarar ƙarin albashi, gwamnatin Janar Gowon ta amince, aka kuma biya ma'aikata da ariyas na watanni a dunƙule. Wanda jiya yake kan Rali, yau sai ga shi a kan Honda ko Vespa. A 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. Tun daga nan ma'aunin mutum ya koma abin da yake hawa, keke kuma ya zama shaidar wanda aka bari a baya. Abin mamakin shi ne, wannan rikicin mai ɗin da ya sauke mu daga keke shi ne ya mayar da mutanen Holan kansa. Su an hana su mai a 1973, har gwamnatinsu ta hana tuƙa mota ranakun Lahadi na wani lokaci. Dama kuma iyaye a can suna zanga-zanga kan yawan yaran da motoci ke kashewa. Sai suka shiga ware wa keke hanyarsa daban. Mu kuma a shekarun nan muka shiga faɗaɗa tituna ba tare da an bar wa mai keke ko taku ɗaya ba.

Daɗin bai daɗe ba. Farashin mai ya faɗi, a 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta zube. Rashin wutar lantarki da tsadar kayan gyara da yadin fasa-ƙwauri suka taru a kan masana'antu. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta bi sahu a 2007, Bompai da Sharaɗa suka cika da gine-ginen da ciyawa ta cinye. Wasu daga cikin waɗanda aka sallama, babur ɗin da suka saya don zuwa aiki shi suka mayar acaɓa. Ma'aikacin da a da yake kai kansa aiki ya koma biyan wani ya kai shi. Har sunan ma aka karɓe: yau in ka ce keke a gari, da yawa mai ƙafa uku za su ɗauka, wato Keke Napep ko A Daidaita Sahu.

An taɓa yunƙurin dawo da shi daga sama. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, shi da kansa ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja, har ranar da wata bas ta ture shi ya faɗa kwalbati. Mutane suka yi dariya, zancen ya mutu. Amma darasin da ke cikin faɗuwar tasa ba abin dariya ba ne, domin titin da bai kare minista ba, ba zai kare lebura ba. Inda keke ya dawo da gaske, tilas ce ta dawo da shi. Da aka hana hawan babur a Maiduguri a 2011 saboda rikicin Boko Haram, garin ya cika da kekuna, malamai da 'yan kasuwa da ɗalibai har da 'yan mata. Kano kuwa da ta hana acaɓa a farkon 2013, masu ƙafa uku ne suka cike gurbin.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, kuma duk wanda ke hawa mota biyu zuwa aiki biyu dawowa ya san rabon da kuɗin mota ke ɗauka a ciki kafin a zo maganar hatsi. Shi ya sa muka fara ganin abin da muka daɗe ba mu gani ba: mutum da rigar aiki da jaka a baya yana taka feda da sassafe, da tsofaffin kekunan da aka sauko da su daga ɗakin shirgi aka kai wa mai gyara.

Sai dai garin da suka dawo cikinsa ya sauya. Gadojin sama da na ƙasa da aka gina a Kano don mota aka yi su. Gefen titin da mai keke zai raɓa, 'yan tebur da masu A Daidaita Sahu sun mamaye. Yawancin ofisoshi ba su da rumfar da za a jingine keke a kulle. Ga kuma abin da ya fi waɗannan nauyi, wato idon jama'a, domin akwai malamin makarantar da zai gwammace ya ci bashin kuɗin mota da ɗalibansa su gan shi a kan keke.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya gagari gyara, kuma iyayenmu sun riga sun gwada mana hanyar. Bashin keke da ake cirewa a albashi tsari ne da En'e ta gudanar da alƙalami da littafi. Rumfar ajiya 'yan kwanon rufi ne da maigadi ɗaya. Ware taku biyu a gefen sabon titi, a sa masa dakali, bai kai kuɗin ƙafar gada ɗaya ba. Kunyar kuwa tamu ce, mu muka ƙirƙiro ta a shekarun da kuɗin mai ya ruɗe mu. Mutanen da suka ciyar da mu, suka sa mu makaranta, suka gina gidajen da muke ciki, da yawansu a kan sirdin Rali suka yi shekara talatin suna zuwa aiki, kuma ba mu taɓa jin an fasa gaishe su ba.