Fasali a kan takardar Haibara da yadda Alhaɗibu ya gane ta

Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ka sani ya kai almajiri, abin da ya sa na rubuta wannan fasali, wani cikinku ya zo mini da takardar da ake kira wasiyyar Shehu Ahmadu, wai mai gadin kabarin Annabi ne ya yi mafarki. Ta yi wa wanda ya kwafe ta alkawarin arziki, wanda ya ƙi kuwa ta tsorata shi da talauci. Tun muna yara muke ganinta, yau ga ta a waya. Sai na tuna ƙissar Alhaɗibul Bagadadi, mai Tarihin Bagadaza, wanda aka haifa shekara ta 392 ta Hijira, ya rasu 463.

A zamanin halifa Alƙa'imu waɗansu Yahudawa suka fito da takarda, suka ce Annabi ya ɗauke wa mutanen Haibara jiziya, rubutun hannun Sayyidina Aliyu ne, ga sahabbai shaidu. Waziri Ibnul Muslima ya miƙa ta ga Alhaɗibu. Ya duba, ya ce ƙirƙirarriya ce. Aka tambayi hujjarsa. Ya ce cikin shaidu akwai Mu'awiya, alhali an ci Haibara shekara ta 7, shi kuwa musuluncinsa shekarar buɗe Makka ne, ta 8. Akwai kuma Sa'adu ɗan Mu'azu, wanda kibiya ta sama ranar Handaƙu, ya cika shekara ta 5. Ƙaƙa wanda ya shekara biyu a kabari zai yi shaida? Malamai na baya suka ƙara cewa ita kanta jiziya ba a shar'anta ta ba sai shekara ta 9.

Ka lura, bai dogara ga addinin masu takardar ba, bai ko tsaya ga tsufan tawada ba, shekaru ya lissafa. Mai ƙirƙira ya tara manyan sunaye don a ji nauyin musu, su ne kuwa suka tona shi. Don haka nake matsa muku haddace shekarun wafatin maruwaita, kuna ganin wahala ce kawai.

Amma wasiyyar nan, ko shekarar da za a lissafa babu tabbatacciya a cikinta, kuma ba a kafa hukunci da mafarki bayan cikar addini. Na ce da almajirin ya koma ga wanda ya ba shi, ya tambaye shi daga wa ya karɓa. Ya komo ya ce mini a tasha mutumin ya tsince ta.

Tammat. Allah ya gafarta wa mai rubutu da mai kwafa.