Habasha 1935: Takunkumin da Bai Hana Kura Cizo Ba

Asalin kalmar takunkumi ba ta siyasa ba ce. Abu ne da ake saƙawa a ɗaure wa jaki a baki don kada ya yi ɓarna a gonar mutane, shi ne kuma gardi ke sa wa kura kafin ya shiga kasuwa da ita. 'Yan jaridar da suka ari kalmar suka aza wa hukuncin da ƙasashe ke yanke wa 'yar'uwarsu idan ta yi ta'adi sun yi aro mai kyau, domin tambayar da ake yi wa takunkumin gardi ita ce ta dace da na ƙasashe: ya rufe bakin ko bai rufe ba? Karo na farko da duniya ta taru ta gwada wannan makami a kan babbar ƙasa shi ne a 1935, sa'ad da Italiya ta afka wa Habasha.

Tsohuwar gaba ce. A ranar 1 ga Maris 1896 rundunar Sarki Menelik na Biyu ta karya sojojin Italiya a Adwa, Habasha ta tsira da 'yancinta a zamanin da Turawa ke rabon Afirka. Italiya ta haɗiye wannan kunya shekara arba'in ba ta narke mata ba. Da Musolini ya ƙudura ramuwa, sai ya fake da wata arangama da aka yi a rijiyoyin Walwal a Disamba 1934, ya shiga jibge sojoji a Eritiriya da Somaliya, waɗanda duk suna hannun Italiya a lokacin. Sarki Haile Selassie ya kai ƙara Majalisar Ƙawancen Ƙasashe da ke Jeniba, wadda ita ce uwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yau, kuma Habasha na cikinta tun 1923. Aka yi ta jan ƙafa wata da watanni. Abin da Ingila da Faransa suka iya yi shi ne hana sayar wa ɓangarorin biyu makamai. A ido adalci ne, amma Italiya ita ke ƙera jiragenta da igwoginta, Habasha kuwa sai ta saya.

Ranar 3 ga Oktoba 1935 sojojin Italiya suka ƙetara iyaka ba tare da shelar yaƙi ba. Cikin 'yan kwanaki Majalisar ta tabbatar cewa Italiya ce mai ta'adi, ƙasashe kimanin 50 suka amince da takunkumi, ya fara aiki ranar 18 ga Nuwamba. An hana sayar wa Italiya makamai, an hana ba ta bashi, an hana sayen kayanta, an kuma hana kai mata wasu kayayyaki irin su roba da kuza da dabbobin sufuri.

To, mai karatu, dubi abin da aka bari. Ba a hana ta man fetur ba, ba a hana ta kwal ba, ba a hana ta ƙarafa ba. Mashigin ruwan Suwis, wanda kusan duk sojan Italiya da harsashinsa ta nan suke bi zuwa fagen daga, ya ci gaba da zama a buɗe alhali Ingila ce ke riƙe da Masar. An hana alfadari, an bar man da ke tayar da jirgin sama. Masu kare wannan mataki sun ce Amurka ba ta cikin Majalisar, Jamus kuma ta fice tun 1933, don haka ko an hana man, wasu za su sayar. Akwai gaskiya a ciki, domin man Amurka ya ƙaru zuwa Italiya a waɗannan watanni. Sai dai ainihin dalilin yana wani wuri: Landan da Faris suna tsoron Hitila, suna son Musolini ya tsaya a gefensu, shi kuwa ya yi barazanar cewa hana shi mai daidai yake da shelar yaƙi. Saboda haka aka auna takunkumin da ma'aunin abin da masu sa shi za su iya jurewa. Tafintan Hitila ya ruwaito daga baya cewa Musolini da bakinsa ya amsa cewa da an haɗa da mai, da bai wuce mako guda ba zai janye.

Talakawan Ingila ba haka suka so ba. A tsakiyar 1935 mutum fiye da miliyan 11 suka kaɗa wata ƙuri'ar jin ra'ayi da masu goyon bayan Majalisar suka shirya, mafi yawansu suka zaɓi a hukunta duk ƙasar da ta kai hari. Gwamnati ta ci zaɓe a Nuwamba da alkawarin tsayawa kan wannan. Wata guda bai cika ba ministan harkokin wajenta, Samuel Hoare, ya zauna a Faris da firaministan Faransa, Pierre Laval, suka tsara a ɓoye yadda za a yanka wa Italiya manyan yankunan Habasha, a bar wa Sarki ragowar da ɗan lungun fita teku. Jaridun Faransa suka tona asirin, jama'a suka yi ca, Hoare ya ajiye aiki. Fushin jama'a ya kayar da minista, amma bai rufe Suwis ba.

A cikin Italiya kuwa takunkumin ya zama kyauta ga Musolini. Ya nuna wa mutanensa cewa ƙasashen da suka ƙoshi da mulkin mallaka ne ke hana mayunwaci cin nasa rabo. Ranar 18 ga Disamba 1935 matan aure suka yi layi suna miƙa zobban aurensu na zinariya ga gwamnati, har da Sarauniya Elena, ana ba su na ƙarfe a madadi. Takunkumin ya isa ya fusata al'umma ta dunƙule bayan shugabanta, bai kai ya tsayar da mota ɗaya a hanyar Adis Ababa ba.

Mu a Afirka ta Yamma labarin ya zo mana ne muna ƙarƙashin waɗanda ke wannan ciniki. A Akra, jaridar African Morning Post, wadda Nnamdi Azikiwe ke wa edita, ta ɗauki maganar da zafi. I. T. A. Wallace-Johnson, ɗan Saliyo da ke zaune a can, ya shiga tara wa Habasha gudummawa, a 1936 kuma ya buga wata maƙala a wannan jarida wadda ta sa gwamnatin mallaka ta gurfanar da su biyun bisa zargin tayar da fitina. A Legas an yi taruka an tara kuɗi. Samari sun nemi a bar su su tafi yaƙi, Ingila ta fito da wata tsohuwar doka ta 1870 da ta haramta wa talakawanta shiga rundunar wata ƙasa. A Afirka ta Kudu 'yan dakon tashar jiragen ruwa suka ƙi loda naman da za a kai wa sojan Italiya. Wannan, a ganina, ya fi takunkumin Jeniba kama da takunkumi, don mai yin sa ya yi asarar ladan yininsa.

Muhawarar da ta fi wuya ita ce ta tsakanin Musulmi. Sunan Habasha na da nauyi a zuciyar duk wanda ya yi karatun Sira: can Sahabbai suka yi hijirar farko, Najjashi ya ƙi miƙa su ga Ƙuraishawa, Annabi (SAW) kuma ya yi masa sallar gawa daga Madina. Da wannan hujja mutane da yawa a Masar suka tsaya wa Habasha, aka tura likitoci, wani tsohon janar na Daular Usmaniyya, Wahib Basha, ya je yana ba rundunar kudu shawara. Amma akwai ɗaya gefen. Musulmin Habasha ba su ji daɗin daular ba: Menelik ya ci Harar da yaƙi a 1887, an tuɓe Lij Iyasu a 1916 bisa zargin karkata ga Musulunci, mulki da ƙasa suna hannun sarakunan Kirista. Shakib Arslan, shahararren marubucin nan ɗan Labanan, ya riƙe wannan hujja ya karkata ga Italiya, alhali shi ne dā ke kan gaba wajen la'antarta a kan Libiya. Italiya ta gane inda ke ƙaiƙayi: ta gina masallatai, ta ɗaukaka Larabci a Harar, ta jawo Abba Jobir na Jimma, a Maris 1937 kuma Musolini ya hau doki a Tarabulus aka miƙa masa abin da suka kira Takobin Musulunci. Kokensu gaskiya ne, ba a musun sa. Sai dai hannun da ya ɗaga wannan takobi shi ne ya rataye Umar Mukhtar a 1931, ya kuma tsare Larabawan Barka a sansanonin da dubbai suka mutu.

A fagen daga, da Habashawa suka tsananta a ƙarshen 1935, Marshal Badoglio ya koma ga iska mai guba, wadda yarjejeniyar Jeniba ta 1925 ta haramta kuma Italiya ta sa mata hannu. Jirage suka riƙa yayyafa ta a kan mayaƙa da ƙauyuka da koguna. Har asibitin tafi-da-gidanka na Red Cross ta Suwidin aka jefa wa bam. Bayan karon Maichew a ƙarshen Maris 1936 Sarki ya fita ƙasar, Italiya ta shiga Adis Ababa ranar 5 ga Mayu. Ranar 30 ga Yuni Haile Selassie ya tsaya gaban Majalisar ya yi jawabi da harshen Amhara, 'yan jaridar Italiya na yi masa ihu. Aka saurare shi, bayan mako biyu aka ɗage takunkumin. A 1938 Ingila da Faransa suka amince da mulkin Italiya a Habasha.

Jeniba ta rufe littafi, manoman Shewa da Gojjam ba su rufe ba. Waɗanda ake kira Arbanyoc, wato masu kishin ƙasa, suka hau duwatsu ƙarƙashin jagorori irin su Abebe Aregai da Belay Zeleke. Ba su da albashi ba su da rumbu, ƙauye ne ke ciyar da su, ƙauyen kuma shi ake ƙonewa idan an gano. A cikin birane akwai masu yi wa Italiya aiki da rana suna fitar da labari da magani da harsashi da dare, mata da yawa a cikinsu, fitacciyarsu Shewareged Gedle. Babban limamin coci Abuna Petros ya ƙi yi wa mamaya mubaya'a, aka harbe shi a bainar jama'a a ƙarshen Yuli 1936.

Ranar 19 ga Fabrairu 1937 wasu samari biyu 'yan asalin Eritiriya, Abraha Deboch da Moges Asgedom, suka jefa wa Graziani, wakilin Sarkin Italiya, gurneti yana rabon sadaka. Bai mutu ba. Kwana uku ana kashe mutanen Adis Ababa da bindiga da shebur, ana cinna wa gidaje wuta da masu su a ciki. Gwamnatin Habasha ta ce mutum 30,000 aka kashe, masanin tarihi Ian Campbell ya ƙiyasta kusan 19,000. A Mayu aka bi sufayen Debre Libanos aka karkashe su. Graziani ya zaci ya tsinke jijiyar turjiya, sai ga tawaye ya game Gojjam da Begemder, kafin shekarar ta ƙare aka kira shi gida. Italiya ta riƙe birane da tituna, karkara kuwa ba ta taɓa kwanta mata ba.

Taimakon da aka hana Habasha a 1935 ya zo ne bayan 10 ga Yuni 1940, ranar da Musolini ya shiga yaƙi gefen Hitila ya zama abokin gabar Ingila. Nan take aka ɗauko Sarkin da aka yi shekara huɗu ana kauce wa aka kai shi Hartum. A Janairu 1941 ya shiga ƙasarsa ta iyakar Sudan tare da sojojin Sudan da Arbanyoc. Ta kudu kuma rundunar Janar Cunningham ta taso daga Kenya, a cikinta akwai birged ta 23 ta Nijeriya da ta 24 ta Gwalkwas, wato Gana ta yau, rundunonin da aka daɗe ana ɗibar sojansu daga arewa, Hausa kuma ita ce harshen bariki. Sojan Nijeriya suka shiga Mogadishu a ƙarshen Fabrairu, suka kai Harar a ƙarshen Maris. Na Gwalkwas suka ƙetare kogin Juba, suka yi makonni suna gumurzu a dajin Wadara. Dokar da ta hana samarinmu tafiya da kansu a 1935 ba ta hana a loda su a jirgin ruwa ba da buƙatar ta zama ta Ingila.

Haile Selassie ya koma Adis Ababa ranar 5 ga Mayu 1941, Gondar ta faɗi a Nuwamba. Yarjejeniyar sulhu ta 1947 ta ɗora wa Italiya diyyar dala miliyan 25. Habasha ta nemi a miƙa mata Badoglio da Graziani ta yi musu shari'a, manyan ƙasashe suka toshe hanya, babu ɗayansu da ya tsaya gaban alƙali saboda abin da ya yi a can. Dogon dutsen tarihi na Aksum da aka kwashe zuwa Rum a 1937 sai a 2005 ya dawo gida.