Tarihin Kare Gida da Rumbu daga Ƙwari a Ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa, inda damina ba ta wuce wata huɗu ko biyar ba, abincin shekara guda yakan shigo gida ne a kaka ɗaya, don haka tsare shi daga gara da ɓera da ƙwaron hatsi ya kasance babban aikin magidanci tun zamanin da. Dabarun da aka gada a kan wannan aiki ba su dogara da guba ba, domin akasarinsu sun ginu ne a kan hana ƙwaro abubuwa uku da ba ya rayuwa sai da su, wato hanyar shiga da laima da iska.

Ginin rumbu shi ne misali mafi bayyana na wannan tunani. Ana ɗora rumbu a kan duwatsu domin gindinsa ya rabu da ƙasa, ta yadda laima ba za ta taso masa ba, kuma duk hanyar da gara ta gina don hawa za a gan ta a kankare ta tun ba ta kai ga hatsi ba. Rufewa, wato rumbun da aka gina da laka zalla, tana da ƙaramin baki a sama wanda ake rufewa a liƙe, sannan a kifa mata jinka saboda ruwan sama. Gero da dawa kuwa a zangarniyarsu ake zuba su, dami-dami, sai an tashi buƙata mata su ɗebo su sussuka, saboda an lura cewa tsabar da ke cikin kwansonta ta fi wadda aka sussuke jure ƙwari. Da haka ne ake iya ajiye rumbun tsimi, wato wanda ba a taɓawa sai shekarar da abinci ya yi ƙaranci.

Wake shi ne ya fi ba da wahala, domin ƙwaronsa yana biyo shi ne tun daga gona, ya yi ƙwai a jikin tsaba, tsutsar ta huda ta shiga ciki, cikin 'yan watanni a tarar da buhu ya koma huji da gari. Maganin da mata suka gada shi ne a shanya waken a rana mai zafi har ya bushe ƙarau, a cakuɗa shi da tankaɗaɗɗiyar toka ko rairayi mai laushi, wani lokaci da busasshen barkono, a zuba a tulu ko randa, a ƙara toka a sama, sannan a liƙe bakin da laka. Tokar tana cike duk ratar da ke tsakanin tsaba da tsaba, ƙwaron ya rasa wurin motsi balle ya hayayyafa, kuma tana goge maiƙon da ke bayan jikinsa har ƙishi ya kashe shi.

A cikin ɗaki ma haka abin yake. Magina sun fifita azarar giginya da itacen ƙirya saboda gara ba ta cin su da sauƙi, kuma daɓen da aka buga da kyau aka shafe da makuba, wato ruwan kwasfar ɗorawa, ba ya barin tsaga da ƙuma ko kiyashi za su fake. Kuɗin cizo ana yi masa maganin rana da tafasasshen ruwa, a fitar da gado da tabarma tsakar gida a kwarara musu, sauro kuma a kore shi da hayaƙin ɗoɗɗoya ko ɓawon lemo a kan garwashi bayan magariba. Ɓera an bar shi da kyanwa da tarko, amma an ɗora wa masu gida rabin laifin, shi ya sa ake cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Darbejiya, wadda a yau ake ɗauka tamkar gadon kakanni ce, baƙuwa ce da ta zo daga yankin Indiya a zamanin Turawa. An fara dasa ta a Borno a shekarar 1928, daga nan ta bazu zuwa Kano da Katsina da Sakkwato da garuruwan Nijar, inda aka riƙa shuka ta don inuwa da itace da tare iska. Ba a daɗe ba jama'a suka gano cewa busasshen ganyenta yana kare hatsi da tufafin da ke cikin adaka. A shekarar 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fari sun cinye ganyen itatuwa amma sun bar darbejiya, kuma a 1968 masu bincike a Ingila suka ware sinadarin da ke cikin 'ya'yanta, wanda yake hana ƙwaro cin abinci kuma yake dagula girmansa.

Zuwan magungunan kanti bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya sa an yi watsi da yawancin waɗannan dabaru, sai dai tun da wuri aka ga iyakar guba. A shekarar 1954 aka fara feshin gidaje a yammacin lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, amma a 1955 aka tarar sauron yankin ya daina jin ɗaya daga cikin magungunan, wato dieldrin. Haka kuma aikin Garki, a jihar Jigawa ta yau, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976, ya nuna cewa feshi yana rage sauro amma bai isa ya katse yaɗuwar cutar ba. Daga baya fiya-fiya ta cika kasuwanni, wasu 'yan kasuwa suka riƙa zuba ta a cikin wake, har Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da waken Nijeriya a 2015 saboda yawan gubar da aka samu a cikinsa.

Mafitar da masana suka samo ta fito ne daga nazarin abin da manoma suke yi tun asali. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru da na Maraɗi a Nijar, sun gwada toka da zafin rana da rufaffen mazubi, suka tabbatar cewa duka suna aiki. Daga nan aka samar da buhun PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, kowanne ana ɗaure bakinsa daban. Ƙwarin da ke ciki sukan shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba, kuma manomi yana iya riƙe wakensa har bazara lokacin da farashi ya tashi, ya sayar ko ya ci da iyalinsa ba tare da fargabar guba ba.