Izinin zama na dindindin a ƙasar waje: yaushe ake buƙatar lauya?

Mutanen Gure, kamar na sauran garuruwan jahar Damagaram, sun daɗe da sanin hanyar Najeriya da Libiya. Yanzu akwai masu difloma da ma'aikata da ke hangen Kanada, Faransa ko Amurka, inda ake ba baƙo izinin zama na dindindin. Tambayar da suke yawan yi ita ce ko sai an ɗauki lauya. Babu ɗaya cikin ƙasashen nan uku da ta wajabta lauya wajen ajiye dosiye, amma akwai inda rashinsa ke jawo babbar asara.

Wane irin izini ne?

Izini ne da ke ba mutum damar zama da aiki a ƙasa ba tare da ya zama ɗan ƙasar ba. A Amurka shi ake kira koren kati. A Kanada, wanda ya samu sai ya yi kwana 730 a ƙasar cikin kowace shekara 5 don kada ya rasa shi. A Faransa kati ne na shekara 10 da ake sabuntawa, kuma yarjejeniyar 1994 tsakanin Nijar da Faransa ta ba ɗan Nijar damar nemansa bayan shekara 3 na zama bisa ƙa'ida. Wannan na wanda ke can ne, ba a nemansa daga gida.

Abin da lauya ba ya iyawa

Lauya yana duba dosiye, ya nuna hanyar da ta dace da mutum, ya rubuta hujjoji, ya ɗaukaka ƙara in an ƙi. Amma ba shi ke yanke hukunci ba, kuma ɗaukarsa ba ya sa dosiye ya tsallake layi. A tsarin Express Entry da Kanada ta buɗe a 2015, maki ake lissafawa bisa shekaru, karatu, ƙwarewar aiki da iya harshe. Tun 2023 ana ware zaɓe na musamman ga masu jin Faransanci. Ga ɗan Nijar da dosiyensa ba shi da tangarɗa, kuɗin da ya sa wajen shirya jarabawar TEF ko TCF ya fi yi masa amfani da kuɗin lauya.

A Amurka, cacar biza da ke raba har biza 55.000 a shekara ƙuri'a ce, kuma ba a sanar da wanda ya ci ta imel ko ta WhatsApp. Bugu da ƙari, daga 1 ga Janairu 2026 Amurka ta sa Nijar cikin ƙasashen da ta dakatar da ba mutanensu biza, in ban da ƴan kaɗan da aka keɓe. Babu lauyan da zai ɗage wannan mataki.

Wa doka ta yarda ya wakilci mutum?

Nan ne aka fi cutar jama'a. Kanada ba ta karɓar wakilin da ake biya sai lauyan da ke cikin ƙungiyar lauyoyi ta wani lardinta, ko notar na Kebek, ko mai ba da shawara da ke da rajista a hukumar CICC. Ana shigar da sunansa a fom mai lamba IMM 5476. Lauyan da ke da rajista a Yamai kaɗai ba ya cikinsu, balle mai shagon intanet ko dillali. Duk wanda ya ce zai cika fom amma kada a ambaci sunansa, a guje shi. Ƙaryar da aka samu cikin dosiye, ko da wani ne ya rubuta ta, a kan mai nema take faɗawa, kuma hukuncinta hana shi shiga Kanada na shekara 5.

Aikin da ake yi tun daga gida

Dosiye yana iya lalacewa tun a Gure. Ana buƙatar takardar haihuwa daga ma'aikatar magajin gari, ko hukuncin kotu mai maye gurbinta ga wanda ba a yi wa rajista a kan lokaci ba, da takardar zama ɗan ƙasa, da kaziye mai nuna ko an taɓa hukunta mutum, da fasfo. Matsalar da aka fi gani ita ce saɓanin suna: Mahamadou a takardar haihuwa, Mohamed a difloma, ko ranar haihuwa ta sha bamban tsakanin takardu biyu. A kotu ake gyara irin wannan, kafin a aika komai waje. A nan ne lauyan gida yake da amfani in lamarin ya cukurkuɗe. Rigakafi ya fi magani.

Inda lauya ya cancanci kuɗinsa

- In an ƙi dosiye. Wa'adin ƙara gajere ne: kwana 60 a kotun tarayya ta Kanada ga wanda ke waje, kwana 15 ga wanda ke cikin ƙasar. In Faransa ta hana biza ta dogon zama, kwana 30 ne don kai kuka ga kwamitin da ke birnin Nantes.
- In an taɓa ɗaure mutum, ko an taɓa koro shi daga wata ƙasa, ko ya wuce wa'adin bizarsa.
- In yana da mata fiye da ɗaya. Kanada mace ɗaya take lissafawa, Faransa kuma ba ta ba mai zaune da mata biyu a ƙasarta katin shekara 10.
- In akwai ɗan riƙo, domin ba a ɗaukarsa ɗa sai da hukuncin kotu. Wanda kuma ya ɓoye mata ko ɗa a dosiyen Kanada yana iya rasa damar ɗauko su daga baya.

Ga waɗanda ke Faransa, ƙungiyoyi irin su La Cimade suna ba da shawara kyauta, kuma mai ƙaramin ƙarfi yana iya neman gwamnati ta biya masa lauya a kotu.

Kafin a biya ko dala

A nemi cikakken sunan wakilin da lambar rajistarsa, a duba a shafin intanet na ƙungiyarsa. A yi yarjejeniya a rubuce, wadda ta raba ladansa da kuɗin da hukuma ke karɓa, a kuma karɓi rasit. Kada a sa hannu a fom ɗin da ba a karanta ba, kada a ba kowa ainihin fasfo ko difloma ya riƙe. Wanda ya yi alkawarin cewa tabbas za a samu biza, ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa.