Firintar da ta girmi wasunku

1/ Matasa, ku matso. Firintar da nake buga muku silif ɗin JAMB da ita a shagona na Minjibir ta girmi wasunku. Ga tarihinta.

2/ Wani injiniyan Xerox, Gary Starkweather, shi ya haɗa firinta mai aiki da hasken leza a Amurka a 1971. A 1984 HP ta fito da LaserJet ta farko, dala 3,495. Sai manyan ofisoshi.

3/ Da ofisoshin Turai suka riƙa sauya nasu, tsofaffin suka biyo jirgin ruwa zuwa Legas, daga nan sai Kano. Tawa LaserJet 1020 ce, samfurin 2005, ta hannu na saya a Beirut Road.

4/ Aikinta ba tsafi ba ne. Leza ta zana rubutu a jikin diram, garin tona ya manne, fuza ta narkar da shi a kan takarda.

5/ Rubutu ya dusashe? Ɗura tona a katirij 12A. Baƙin layi? Yawanci diram ne, canja shi. Ta ƙi jan takarda? Goge robar, ƙurar hunturu ce.

6/ Tun 2015 da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, ba ta hutawa. Ba don ita ba, yaro sai ya biya kuɗin mota zuwa Kano saboda takarda ɗaya.

7/ Minjibir garin masaƙa ne. Kakana in zare ya tsinke ƙullawa yake, ya ci gaba da saƙa. Kafin ka yar da taka, kawo mu buɗe ta tukuna.