Yadda Kamaru Ta Tashi Da Harsunan Gwamnati Biyu

Duk wanda ya riƙe fasfon Kamaru ya san komai sau biyu aka rubuta shi, da Faransanci da Ingilishi. Yaranmu da aka haifa a waje suna ɗauka ado ne. To, gadon rabon da Turawa suka yi ne, kuma har yau ana rasa rayuka a kansa.

Jamus ce ta fara kafa tuta a Duwala a 1884. A yaƙin duniya na farko Ingila da Faransa suka kore ta, a 1916 suka raba ganima. Faransa ta kwashe kusan kashi huɗu cikin biyar. Ingila ta samu siririn yanki a gefen iyakar Najeriya, ta riƙa mulkarsa tare da Najeriya.

Ɓangaren Faransa ya samu 'yanci ranar 1 ga Janairun 1960, Ahmadu Ahijo ɗan Garwa ya zama shugaba. Na Ingila kuwa, a Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya masa ƙuri'ar raba gardama: ko Najeriya, ko Kamaru. Ba a ba su zaɓin tsayawa da ƙafarsu ba, ku riƙe wannan. Arewacin yankin, su Mubi da Dikwa, ya zaɓi Najeriya, ya zama Lardin Sardauna. Shi ya sa za ka ga gida ɗaya, wa a Mubi, ƙane a Marwa, kowa da katinsa. Kudanci, su Bamenda da Buwiya, ya bi Kamaru bisa sharaɗin tarayya, kowa ya riƙe makarantunsa da kotunansa.

Sharaɗin bai kai shekara goma sha ɗaya ba. Ranar 20 ga Mayun 1972 Ahijo ya shirya wata ƙuri'ar, aka rusa tarayya, iko ya tattare a Yawunde. A ganina nan ne aka dasa ƙayar. Paul Biya ya gaje shi a Nuwamban 1982. Kun ga tun samun 'yanci shugabanni biyu kacal aka yi. Wa'adi shekara bakwai ne, a 2008 kuma aka cire iyakar tazarce. Gwamnonin yankuna goma duk naɗin shugaban ƙasa ne. Tun 1992 firaminista daga masu Ingilishi ake ɗauko shi, amma fa wuƙa da nama na fadar shugaba.

Abin dariya, harsunan nan biyu da ake rigima a kansu duk na baƙi ne. Mutanen ƙasar sun kusa miliyan 30, harsunansu na gado sun kai 250. A Garwa da Marwa da Gaundare Fulatanci ne harshen kasuwa, a Bamenda Turancin buroka. Hausa kuwa fatauci ya kai ta: shiga Birkiteri a Yawunde da magariba, ƙamshin tsire da kiran salla za su sa ka rantse a Kano kake.

Ƙasar ba matalauciya ba ce. Akwai koko da kofi da katako a kudu, auduga a arewa, ga man fetur. Tashar jiragen ruwan Duwala ce ƙofar Chadi da Afirka ta Tsakiya, man Chadi ma ta bututu yake bi zuwa Kiribi tun 2003. Matatar mai ta Limbe da wasu manyan gonakin ayaba da roba a yankin masu Ingilishi suke, mutanen da ba su wuce kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar ba. Kukansu shi ne arziki daga ƙasarsu, hukunci daga Yawunde.

A ƙarshen 2016 lauyoyi da malamansu suka shiga yajin aiki, saboda ana turo musu alƙalai da malamai marasa jin Ingilishi. Gwamnati ta amsa da kame, ta yanke musu intanet wata uku. Ranar 1 ga Oktoban 2017 'yan aware suka ayyana ƙasar Ambazoniya, bindiga ta shigo. Dubbai sun mutu, an ƙone ƙauyuka da asibitoci, 'yan aware sun hana yara makaranta shekara da shekaru. Mu ma'aikatan jinya mun san abin da rufe ƙaramin asibiti ke nufi: allurar rigakafi ta tsaya, mai naƙuda ta haihu a daji. Wasu dubban sun tsallaka Najeriya, suna zaune a Kuros Riba da Binuwai da Taraba, ƙasar da kakanninsu suka ƙi zaɓa a 1961.